Magariba a Gonar Masu Shiru

Kwalbar zuma ta farko ban kula da ita ba. Na same ta a kan teburin kicin wata Asabar da yamma, na buɗe na lasa, na ce lallai wannan ba irin ruwan sukarin da ake sayar mana a kanti ba ne. Sai da ta uku ta shigo gidan sannan na ɗaga ta na duba takardar da ke manne a jikinta. Hoton wani dogon gini ne mai hasumiya, a kan hasumiyar kuma ga gicciye. Ƙarami ne, sai ka ƙura ido za ka gan shi, amma dai gicciye ne, a cikin kicin ɗina, kusa da gwangwanin shayi.

Lokacin muna zaune a Sterling, mun haura shekara goma a Amurka. Maigidana yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan marasa taga da ake tara kwamfutoci a cikinsu, ni kuma ina aiki a gidan renon yara. 'Yarmu guda ce, tana sakandare, irin yaran nan da za ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Turanci.

Duk wanda ya san maigidana ya san shi da baki. Idan ya shiga lif da baƙo, kafin su fito ya san garin da aka haifi kakarsa. A gidan suna shi ne mai addu'a, shi ne kuma mai tsokanar mata a kan gishirin miya. Ga karatu. Ba malami ba ne, amma Allah ya ba shi murya, kuma ya san an ba shi. Magariba da isha'i da asuba a falonmu yake jan mu, ni da yarinyar muna bayansa, wani lokaci ina tsaye hankalina na kan tukunyar da na bari a wuta, shi kuwa yana ta jan aya kamar ba gobe.

Tun da sanyi ya fara ja baya a shekarar muryarsa ta dishe. Ya ce iskar wurin aiki ce, wai injinan can sai an yi ta hura musu sanyi dare da rana. Na dafa masa citta da kanumfari, na hana shi ruwan firji. Kullum na tambaya, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." To, wa bai taɓa dishewa ba? Ban ɗauki abin da zafi ba.

Abin da na ɗauka da zafi salla ce. Wata rana na fito daga alwala na tarar har ya tayar da magariba shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a ture. Na ce ko sauri yake yi. Washegari ma haka. Asubar da muka saba tashi da karatunsa, sai na farka na ji gidan tsit, na leƙa na gan shi zaune a kan dadduma yana kallon bango. Wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta ce min, cikin hira ba da wata manufa ba, mijinta ya ce rannan liman ya makara a masallaci, aka tura maigidana gaba, ya ƙi, har sai da aka ji kunya. Ya daina zuwa suna da walima. Kiran da yake yi wa mahaifiyarsa a Kano duk Lahadi, wanda a da sai kati ya ƙare, ya koma ina wuni, lafiya lau, a ajiye. Ranar Asabar kuma ya fita tun hantsi, ya dawo bayan duhu, tayoyin mota duk jar laka, hannunsa riƙe da zuma. Har wani hirami ya samo yana naɗawa a wuya, a cikin gida ma ba ya cirewa.

Na tambaye shi inda yake samo zumar. Ya ce wata gona ce can bayan duwatsu, ta wasu sufayen Kirista, maza zalla da suka bar duniya, ba aure ba haihuwa, sai noma da ibada, kuma ba su cika magana ba. Wani abokin aikinsa ne ya kwatanta masa, wai zumarsu tana maganin maƙogwaro. Na ce, "Kwalba ɗaya ake sayar wa mutum a mako?" Ya yi murmushi ya wuce ɗaki.

Ni ba yarinya ba ce, na haɗa wannan da wancan. Kada a ce ban tuna da dishewar ba, na tuna. Amma wanda zai iya cewa a miƙo masa gishiri ai zai iya Fatiha. Mutum ya daina karatu a bayyane, ya ƙi limanci, ya guji jama'a, yana wuni a gidan masu gicciye, yana ɓoye wuyansa. Kalmar da ta zo min ita ce ridda, kuma duk sanda ta gifta min sai na yi a'uziyya. Na san abin da ke bayanta: idan ta tabbata, babu aure tsakaninmu, ko da bai ce ya sake ni ba. Ina kwance kusa da shi ina tunanin ko kwanciyar ma halal ce. Tsoro nake ji. Kuma ba wanda zan gaya wa, don maganar da aka yi a Sterling da azahar, kafin la'asar ana tattauna ta a Laurel, garin da mutanenmu suke da yawa, daga nan kuma sai kunnen tsohuwarsa. Na laluba aljihunansa da akwatin gaban motarsa ina neman sarƙa mai gicciye. Ban samu ba, rashin samun ma bai kwantar min da hankali ba.

Wata Asabar a watan Nuwamba na tura yarinyar gidan maƙwabciyar, na sa hijabi da rigar sanyi, na riga shi shiga mota. Ya fito ya same ni a kujerar gaba, jaka a cinya.

"Hajiya, ina zuwa?" ya ce da 'yar muryar nan tasa mai kaushi.

"Inda za ka."

"Akwai nisa fa. Kuma babu abin gani, it's just a farm."

"Ni ma 'yar manoma ce, Malam. Tayar da mota."

Ya daɗe riƙe da makulli, sannan ya tayar.

Muka bar manyan kantuna da gine-gine a baya, titi ya ƙanƙance, muka hau dutse muka gangara. Itatuwa duk sun zubar da ganye, sama kuma ta yi fari-fari, ba rana ba hadari. A da, tafiya irin wannan da bakina zan roƙe shi ya bar ni na ji rediyo. Ranar ba abin da nake ji sai ƙarar taya. Abin da ya fi ci min rai, bai duba taswira ko sau ɗaya ba. Ya san kowace kwana, har ramin da ke bayan wata gada ya kauce masa tun kafin na hango shi.

Daga ƙarshe muka sauka daga kwalta muka hau hanyar tsakuwa. Dama da hagu shanu ne baƙaƙe wuluk, ba tozo ba ƙaho, kuma ba makiyayi. Suka ɗago suna kallonmu har muka wuce. A kan rufin wata rumfar ciyawa ungulaye ne jere, wasu sun buɗe fukafukai. A garinmu inda ka ga ungulu ka san akwai mahauta kusa, a nan kuwa na duba ban ga abin da suke jira ba. Wayata ta nuna babu sabis. Wani ƙaramin allo a bakin hanya yana roƙon baƙi su yi shiru.

Ya ajiye motar a ƙarƙashin wata bishiya, a wurin da taya ta riga ta yi sawu. Ina sauke ƙafa aka kaɗa ƙararrawa. Sai ga sufayen suna fitowa ɗai-ɗai, wani daga rumfa yana cire safar hannu, wani yana jan ƙafa da sanda, yawancinsu tsofaffi. Fararen riguna har ƙasa, da wani baƙin ƙyalle da ya sauko gaba da baya, an tamke da ɗamarar fata. Abin da ya tayar min da tsigar jiki, biyu suka haɗu a bakin ƙofa, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa sannu. Kai kawai suka ɗan sunkuyar. A wurinmu wannan sunansa gaba. Gidan da maza suke kwana suke tashi tare shekara da shekaru, ba ina kwana ba ina gajiya, ni dai ban san wani sunan da zan ba shi ba. Na ce a raina, wai nan mai bakin nan nawa yake wuni?

Maigidana ya nufi cocinsu. Na riƙo hannun rigarsa. Ya nuna min bencin baya ta ƙofar da ke buɗe, ya zame hannunsa a hankali, ya shiga. Ni na toge a bakin ƙofa, ko ƙafa ɗaya ban sa ba. Ciki babu tarkacen da na zata, farin bango ne da benci da sanyi. Suka tsaya sahu biyu suna fuskantar juna, suka fara rera wani abu ƙasa-ƙasa, wannan ɓangare ya yi, wancan ya karɓa. Ban saurari abin da suke cewa ba, idona na kan maigidana. Zai durƙusa? Zai taɓa goshi da ƙirji? Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna ya rufe ido. Amma na ga hiramin yana motsi a wuyansa, sama da ƙasa, kamar mai bin su a ciki. Sai da na dafa bango.

Da suka gama ya kai ni ɗan kantinsu. Zuma ce jere a kan kanta, da kek naɗe a takarda, da littattafai, da carbi irin nasu mai gicciye a ƙarshe. Mai tsaron kantin wani tsoho ne dogo da ya fara ranƙwafawa, hannayensa duk jijiya. Yana ganin maigidana fuskarsa ta washe, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni kuma baki ya riga ni, na zuba masa gaisuwa irin tamu da Turanci, ya aiki, ya sanyi, har da ya iyali. Sai da ta fita na tuna wanda nake tambaya. Tsohon ya yi 'yar dariya ya ce iyalin suna nan lafiya, wasu na gona, wasu na maƙabarta. Ashe dai suna magana. Ban ji daɗin amsar ba, ko da yake da fara'a ya faɗe ta.

Daga nan suka shiga abin da ya ƙarasa ni. Tsohon ya haɗa yatsunsa ya yi da'ira, maigidana ya maimaita. Ya tara yatsu ya juya su ƙasa yana kaɗawa, maigidana ya maimaita, tsohon ya kama hannun ya gyara masa kamar mai koya wa yaro riƙe cokali. Suna yi suna kallon juna, ni an bar ni tsaye a gefe. Can tsohon ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ya ɗaga gira. Maigidana ya saci kallona, ya girgiza kai da sauri. Duk na gani. Na ce shi ke nan, sarƙar ake tambaya, ko ya sa ta yau.

La'asar a gefen mota muka yi ta. Ya fito da dadduma daga but ɗin motar, na fito da tawa daga jaka, ya shimfiɗa ba tare da ya nemi alƙibla ba, ya ja mu. Amma la'asar ai ba shaida ba ce. Salla ce ta ɓoye, kowa na iya tsayawa ya motsa leɓe, Allah kaɗai ya san abin da ake faɗa.

Na ce mu tafi gida. Ya yi min alama da hannu na ɗan jira, ya kama wata 'yar hanya ta bayan cocin. Na bi shi, don ba zan zauna ni kaɗai da ungulayen nan ba. Maƙabartarsu ce. Fararen gicciye ƙanana a jere, duk tsawo ɗaya, ba babba ba yaro. A ƙarshen layi akwai sabon kabari, ƙasarsa ja, ba ta ko kwanta ba, kusa da shi kuma ciyawa ce shimfiɗe, fili na jiran mai shi. A nan ya tsaya ya daɗe, hannu a aljihu. Ƙasan gangaren kogi ne yana tafiya ba ƙara. Rana ta kusa faɗawa bayan dutse, sanyi ya sauko lokaci guda. Sai na tuna ba wanda ya san inda muke, ko 'yarmu ce mata na yi sayayya za mu je.

Kafin mu koma mota magariba ta yi. Ya shimfiɗa daddumarsa can nesa da tawa.

"Kowa ya yi tasa," ya ce, "mu yi sauri kafin a rufe get."

Na ɗauki tawa na kai bayansa na shimfiɗa.

"Ka ja mu."

"Hajiya..."

"Ka ja mu, Malam, kuma a bayyane. Ina so na ji da kunnena. Wallahi idan ban ji Fatiha daga bakinka yau ba, ba zan shiga motar nan ba, sai dai na kwana da shanun nan."

Ya yi min wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ba fushi ba ne, ya fi kama da na yaron da aka ce ya buɗe hannu a ga abin da ya ɓoye. Ya juya ya yi kabbara.

Ayar farko ta fito, a dishe, amma ta fito, har na ji wani abu ya fara sauka daga ƙirjina. Kafin ta biyu sai da ya tsaya ya ja numfashi. A tsakiyar sura muryar ta tsage, ta koma wani siririn fito, kamar iska a kafar ƙofa. Ya sake ɗaukowa daga farkon ayar, ta sake yankewa a wuri ɗaya. Ya sake. Ina bayansa ina ganin jijiyar ƙeyarsa ta tashi, kafaɗunsa na rawa, yana turo harafin da ƙarfin tsiya, harafin ya ƙi. Sai tari ya sarƙe shi. Ya kai gefen hiramin baki, da ya sauke, ko a wannan ɗan hasken na ga abin da ya ɓata shi. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba. Shi dai da raɗa ya ƙarasa, ni kuma ina bin ruku'unsa da sujadarsa.

Muna sallamewa na rarrafa na zagayo gabansa.

"Jini ne wannan?"

"Da sau..."

"Kada ka kuskura ka ce min da sauƙi."

Sai ya warware hiramin, ya kamo hannuna ya kai ƙarƙashin gemunsa, ta hagu. Babu sarƙa. Wani ƙullutu ne mai tauri, girman goro, na danna bai motsa ba.

Ya gaya min da guntu-guntun magana, yana hutawa. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Ranar da ya ce min an riƙe shi a wurin aiki, asibiti ya je aka yanki ɗan nama aka gwada. Likitoci sun ce ya wuce a ƙona shi da na'ura, sai dai a cire wurin da murya take fitowa gaba ɗaya, kuma kafin ƙarshen shekara. Za a bar masa ƙofa a wuya ta numfashi. Wai akwai wani abu da za a riƙa kara masa a wuya daga baya ya ba shi sauti. "Amma ba tawa ba ce," ya ce. Ko bayan aikin ma, ba su yi masa alƙawarin komai ba. Motsin da na gani a coci kuwa, yawu yake ƙoƙarin haɗiyewa.

Na so na yi kuka, sai masifa ta riga kukan fitowa.

"Tun yaushe kake kallona ina dafa maka citta? Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka addini ka bari! Na ɗauka gicciye kake ɓoyewa a wuya!"

Ya buɗe baki, kafaɗunsa suka hau rawa. Dariya yake yi, ba sauti, har da hawaye. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

"Kuma ka gaya wa wancan tsohon kafin ni."

"Ban gaya masa ba. Gani ya yi. Ya kawo min ruwan ɗumi, ya zauna kusa da ni. Shi ke nan."

"To ni fa? Ni ba ni da ruwan ɗumi?"

"Ke ko ba ki faɗa ba, fuskarki za ta faɗa. Daga nan sai dubiya." Ya huta. "Kin san mutanenmu. Daga Laurel, daga Baltimore, mota-mota. Ya jiki, da sauƙi. Ya jiki, da sauƙi. Ga waya daga gida. 'Yar muryar da ta rage min, a da sauƙi za ta ƙare. Kuma ƙarya ce."

Ni kaina na sha cika mota da kuloli mu je mu zauna a kan mara lafiya har ya fara gyangyaɗi, muna jira ya ce mana da sauƙi mu ce Allah ya ƙara. Ban taɓa ganin laifin haka ba, yanzu ma ban ce laifi ba ne. Haka muka taso.

Ya ce zuma ce ta fara kawo shi, wannan gaskiya ne. Abin da ya riƙa dawo da shi kuwa, nan ne kaɗai wurin da zai wuni cikin mutane ba wanda ya nemi ya ce komai. Yana so ya gani da idonsa ko namiji zai iya rayuwa ba baki, ya yi aiki, ya ci abinci, ya tsufa, kuma a ci gaba da ganinsa mutum. Tsohon nan yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu tuna maganar hannu da suke yi a da, lokacin da dokar shirunsu ta fi tsanani. Shi ne yake koya masa kaɗan-kaɗan. Ya nuna min alamar burodi, ya nuna min ta ruwa, ya nuna min ta na gode. Sannan ya dunƙule hannu ya kai ƙirji, ya ce wannan yi haƙuri ke nan, ya bar hannun a wurin.

Aka sake kaɗa ƙararrawa. Tagogin cocin suka yi haske. Tsohon ya rufe kantinsa ya zo wucewa ta kusa da mu, ya gan mu zaune a ƙasa, ya ga hiramin a cinyata. Ya ɗan tsaya, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Da ya ce min sannu a lokacin, da na fashe da ihu a gonar mutane.

Na karɓi makulli na ce ni zan tuƙa. Duhu ya rufe, fitilar mota na haska idanun shanu a bakin wayar shinge. Muna daf da ƙofar fita na taka birki.

"To idan ina kicin kana ɗaki, da wace alama za ka kira ni? Da burodi?"

"Na tambaye shi alamar matar mutum," ya ce. "Ya yi tunani, ya yi tunani. Ya ce ya manta. Bai taɓa buƙatarta ba."

So yake na yi dariya, ban yi ba.

Sunana sunan mahaifiyarsa ne. Saboda haka tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu bai taɓa furta shi ba. Ni Hajiya ce tun kafin na ga Makka, ko kuma ke, ko maman yarinya. A ofisoshin Turawa ma idan aka tambaye shi sunan matarsa, katina yake miƙa musu, ko ya jero musu haruffa ɗai-ɗai suna kallonsa. Ban taɓa damuwa ba, mutunci ne, kuma har alfahari nake yi da shi a cikin mata.

"Kira ni," na ce.

"Hajiya."

"Da sunana."

Ya waiga, wallahi sai da ya waiga, kamar tsohuwar na zaune a kujerar baya.

"Haba, ki ji tsoron Allah. Sunan Inna ne fa."

"Inna na Kano. Nawa ne ni ma, an yanka min rago. Sau ɗaya, Malam, kafin su karɓe muryar."

Na kashe injin don kada ƙararsa ta danne muryar. Ya gyara zama, ya haɗiye yawu da ƙyar, ya sunkuyar da kai kamar sabon ango a gaban surukai. Ya buɗe baki. Gaɓar farko ta fito sarai. Sauran iska ce kawai, sai leɓensa na gani ya ƙarasa.

"Na'am," na ce.